Dokin Ƙofar da Na Rushe

Direban da ya ɗauko mu daga Kano ya rantse min da Allah cewa Suleja za shi. Sai da muka zo wata mararraba, na ga allo ya nuna Suleja a gaba, shi kuma ya karya kwana ya ɗauki wata hanya, sannan na yi magana. Ya ce in kwantar da hankalina, yanke ne. Yanken nan shi ya kai mu Lambata, inda ya sauke mu a bakin titi da la'asar, ni da mahaifiyata da buhun gero da katifa a naɗe. Ya ce, "Malama, daga nan zuwa Suleja ko a ƙafa kwa je." Ya ja motarsa ya yi Minna. Wata mai sayar da doya ce ta tashi ta ba Inna kujerarta, ta kuma gaya min gaskiya, wato mun baro Suleja a baya, sai mun sake shiga wata motar.

Inna ta zuba wa titi ido. Tana zaune da akwatinta na ƙarfe a kan cinya, yadda ta riƙe shi tun daga Gumel. Na san abin da ke ciki: zannuwa biyu, da carbi, da likkafaninta. Baba ne ya zo mata da shi daga Makka shekarar da ya sauke farali, an tsoma shi a ruwan zamzam, ita kuma ta naɗe shi a wata leda mai kauri ta ɗaure bakin da tsumma. Haushin direba ne na rasa inda zan sauke, sai na sauke a kan akwatin.

Na ce, "Inna, aiki fa muka zo yi, ba mutuwa ba. Da kin bar abin nan a gida."

Ta ce, "Wane gidan?"

Gaskiyarta, ba mu da shi. Bayan rasuwar Baba an sayar da gidanmu an raba gado. Aurena kuma ya riga ya mutu. Muka koma wani ɗaki a gidan Kawu, kusa da turken awaki, inda ake miƙo wa Inna tuwo kamar ana biyan tara. Da na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Suleja, na ce da uwata zan tafi, Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce mace ba ta riƙe uwa a bariki, wata uku ya ba mu mu dawo, ɗakin awakin yana nan yana jiranmu. Ni kuwa Hajara, in kana so in yi abu, ka ce ba zan iya ba. Na sayar da keken ɗinkina, na rantse a gabansa cewa ƙafar Inna ba za ta sake taka ɗakin nan ba.

Mai makarantar, wadda kowa ke ce wa Madam, ta gaya min a waya cewa akwai gidan malamai. Da muka isa, ashe gidan malaman sito ne a bayan azuzuwa, cike da karyayyun bencina da ɓeraye masu ƙiba. Ta ce mu zauna mako biyu kafin in nemi haya. Sannan ta zaunar da ni a ofis ta karanta min dokokinta da Hausarta mai taurin baki. Gwaji nake har ƙarshen zangon karatu. Ba makara. Na uku kuma, ta ɗaga yatsa ta maimaita shi sau biyu: takardar jarrabawa ba ta fita daga makarantar nan. Ranar ba da hutu iyaye suna zuwa, kowa a damƙa masa takardun ɗansa a hannu ya duba da idonsa. Malamin da na gaji ajinsa gida ya tafi da su, ya manta su a cikin keke napep, washegari ta sallame shi.

Na ce, "In sha Allahu ba za a samu matsala daga wajena ba."

Ta ce, "Shi ma haka ya faɗa."

Aji huɗu aka ba ni. Na zo da shirin a kira ni Malama, sai na ji yara suna "Anti, Anti," har na waiwaya ina neman antin. Turancinsu gudu yake kamar an koro shi, nawa kuma na Gumel ne, mai tafiya yana tsayawa gaisuwa. In na faɗi kalma suka ƙyalƙyale da dariya, sai in juya ga allo in yi ta rubutu har idona ya bushe. Makon farko, kullum in aka tashi sai na shiga bayan gida na yi kukana sannan in wanke fuska in koma wurin Inna. Garin ma bai karɓe ni ba. Mu a wurinmu ƙasa shimfiɗe take, kana hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo. Nan kuwa ko'ina hawa da gangara, duwatsu sun tare maka ido ta kowane gefe. Na yi kewar furar gidanmu har na riƙa jin ƙamshinta a cikin aji.

Neman ɗaki ya fi koyarwar wuya. Wani dillalin gidaje, irin waɗanda a nan ake ce wa ejan, ya yi ta yawo da ni bayan an tashi daga makaranta. Duk ɗakin da ya nuna min a kan tudu yake, ga tsada, ga ba ruwa sai na 'yan garuwa. Inna kuma ciwon gwiwa gare ta, tudu ba nata ba ne. Saura kwana biyu wa'adin Madam ya cika, ya ce akwai wani can ƙasan unguwar Bagama, in zo in gani.

Muka yi ta gangarawa har muka isa wani gida mai ɗakuna biyar a jere. Tsakar gidan a daidaice, ga bishiyar mangwaro, ga rijiya. Na leƙa rijiyar na ga fuskata kusa-kusa, igiyar gugan ba ta fi gaba biyu ba. Duk wanda ya taso inda ake zura igiya har hannu ya yi kanta kafin guga ya taɓa ruwa, shi zai gane abin da na ji. A bayan gidan akwai wani busasshen rafi da aka mayar juji, ban ma kalle shi sau biyu ba. Ɗakin kuma an yi masa sabon fenti, mai duhu daga ƙasa zuwa ƙugu, fari daga nan zuwa sama. Na ce a raina, mai gidan nan ya san ado.

Abu ɗaya ne ya tsaya min, dokin ƙofar. An gina shi da bulo har kusan gwiwa, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga. Na duba sauran ɗakunan, duk haka suke.

Na ce, "Wannan fa, katanga ce ko ƙofa?"

Ejan ya ce, "Saboda awaki da kaji ne, Hajiya. Mutanen nan kin san su da kiwo."

Ko kaza ɗaya ban gani a gidan ba, amma rijiya ta riga ta rufe min ido. Abin da keken ɗinkina ya bari na miƙa, aka ba ni makulli.

Maƙwabciyarmu ta ɗaki na gaba ita ce Maman Rahila, mutuniyar Filato, Kirista, tana suyar ƙosai da doya a bakin titi da safe. Mijinta, Baban Rahila, birkila ne. Hausarta tana gudu sarai, sai dai kowa "ka" ne a bakinta, mace ko namiji. Da farko na riƙa kama jikina da ita, gaisuwa kawai. Inna ce ta watsa min ƙasa a ido. Kwana uku da tarewarmu na dawo na tarar da su a gindin mangwaro suna ɓarar agushi, Inna tana ba ta labarin yadda ake daka fura, ita kuma tana ce mata "Mama" kamar a ɗakinta aka haife ta.

Amma fitowa gindin mangwaron nan aiki ne. Bayan gida a waje yake, madafa a waje, alwala sau biyar a waje. In Inna za ta fita sai ta zauna a kan dokin ƙofar, ta kama ƙafa ɗaya da hannu biyu ta tsallakar, ta huta, ta kama ɗayar. Ina kallo zuciyata tana ƙuna. Wata Laraba na dawo na ga leɓenta a kumbure, goshinta da shafin man zafi. Ta faɗi ne wajen tsallakawa, ta kife a kan buta, Maman Rahila ce ta ji ƙarar ta zo ta ɗaga ta.

Ban ko ajiye jaka ba na nufi Baban Rahila, yana zaune yana wanke cebur.

Na ce, "Baban Rahila, don Allah gobe ka rushe min bulon nan."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙofar. Ya ce, "Anti, kowane aiki ki ba ni zan yi, ban da wannan. Bari in yi wa Mama 'yar matakala ciki da waje."

"Matakala ai ita ma hawa ce."

Maman Rahila ta fito da ludayi a hannu. Ta ce, "Anti, ka bar shi. Ruwa yana zuwa gidan nan. Ka kankare fentin ɗakinka ka gani."

Na ce, "Maman Rahila, mu ma fa ana damina a garinmu. Ba daga sama muka faɗo ba."

Na faɗi haka ina jin na yi magana. Damina na sani kam, amma irin tamu, wadda in an kwana ana ruwa, kafin hantsi yashi ya shanye abinsa. A sanina ruwa abin roƙo ne, har fita ake yi bayan gari a yi sallar neman sa. Ban taɓa ganin wanda ya gina katanga don ya hana shi shigowa ba. Na ɗauka tsoron mai gida suke ji, ko kuma irin iyayin 'yan gari ne da ke ganin baƙo bai san komai ba.

Inna ma ta sa baki da muka shiga ɗaki. Da yake ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Ke wannan, abin da kika tarar a gari, ki tambayi dalilinsa kafin ki taɓa."

Na ce, "Na tambaya. An ce saboda awaki ne."

Ranar Asabar na ari guduma a wajen wani mai faci, na ɗaure ɗankwali a ƙugu, na hau bulon nan da duka. Mutanen gidan suka fito suna kallo. Kafin azahar na share wurin tas, na kwashe ɓaraguzan na zubar a rafin baya. Inna ta taso ta fito tsakar gida a tsaye, ba zama, ba kama ƙafa. Wallahi ranar ji na yi kamar na gina mata gidan sama. Maman Rahila ta dube ni ta girgiza kai, ta ce, "Allah ya taimake mu," ta koma ɗakinta.

Mako shida ina cin ribar taurin kaina. Har nakan tsaya in kalli matan gidan suna ɗage zani suna tsallake nasu, in ce a raina, wahala dai ba ta ƙarewa wanda ya saba da ita.

Sai jarrabawa ta zo, cikin zafin nan na bazara da ke sa alli ya jiƙe a hannu. Darussa biyar nake ɗauka, kowanne da tulin takardunsa, Madam kuma ta ba mu kwana huɗu mu gama maki mu cike sakamako. Sauran malamai sukan zauna a makaranta har magariba. Ni ba ni da wannan damar, don a makon ne zazzaɓi ya kama Inna, ba mai dafa mata, ba mai ba ta magani a kan lokaci sai ni. Na lissafa kwanakin na ga ba za su kai ni ba. In ban gama ba, na faɗi gwaji. In na fita da takarda aka gane, kora ce. Gaba kura, baya sayaki. Ranar Talata da aka tashi, na faki idon mai gadi na zuba takardun ajina kaf a jaka, na rufa hijabi a kai, na fito.

A gida na jera su a wani kwali na ajiye a ƙasa, gefen katifa, don ba mu da tebur balle kabad. Na ce, "Inna, kin ga kwalin nan? Ko ƙuda kar ki bari ya sauka a kai. Aikina ne a ciki. In wani abu ya same su, sai dai mu koma gidan Kawu."

Inna ba ta karatun boko, ko harafi ɗaya. Ta dubi kwalin ta ce, "To."

Na yi rabi ranar Talata, na ƙara ranar Laraba. Niyyata in ƙarasa ranar Alhamis da yamma, Juma'a da sassafe in mayar da su kabad ɗin makaranta kafin kowa ya zo.

Alhamis da azahar hadari ya haɗo daga bayan duwatsu, baƙi ƙirin. Iska ta kaɗa, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shi ne ruwan kirki na farko a shekarar. Na fito baranda na tara hannu, ina shaƙar ƙamshin ƙasa, ina tuna yadda muke fita tsakar gida da gudu muna yara. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun kafin mu baro gida. Ina nan tsaye ina murmushi ni kaɗai, sai na lura sauran malamai kowa waya ce a kunnensa, fuska ba walwala. Malamin lissafi ya zo wucewa ya tsaya.

Ya ce, "Anti Hajara, a ina ma kike zaune?"

Na ce, "Ƙasan Bagama, wajen rafi."

"Wajen rafi? Dokin ƙofarku dai yana da tsayi ko?"

Nan take maganar Maman Rahila ta faɗo min. Na bar jakata a aji, na fita cikin ruwan nan ba lema.

Ɗan acaɓa na farko da na tsayar ya ji inda za ni ya ce ko nawa zan ba shi ba zai gangara ba. Na biyu bai ma tsaya ba. Na cire takalmi na riƙe a hannu na kama gudu. A ranar na gane abin da tudun Suleja yake yi da ruwa. Dutse ba ya sha. Duk abin da ya sauka a sama gangarowa yake, lungu ya zuba wa lungu, kwata ta cika ta tumbatsa, duk sharar da aka tara tun rani ta taso tana tafiya. Kuma duk inda na bi, ni da ruwan hanyarmu ɗaya, shi ma gidanmu za shi. Ina gudu ina "Innalillahi," ina faɗuwa ina tashi. Da na shiga layinmu ruwa ya kai min ƙwauri, da na isa ƙofar gida ya kusa gwiwa. Rafin da na raina ya toshe da shara, ya juyo da baya ya cika tsakar gidan.

Ɗakuna huɗu ruwa yana ta dukan bulonsu, saura kamar taƙi ɗaya ya haura, amma bai haura ba. Ɗaki na biyar kuwa shiga yake yi abinsa kamar an yi masa sallama. Tukunyata na gani ta fito tana juyi ta wuce ni.

Na kutsa ciki. Katifa tana yawo, buhun gero ya nutse. Ga kwalin can a lungu ya saki jiki ya baje. Na faɗa kansa na zura hannu ina lalube, ina ihu, "Takarduna! Wayyo na shiga uku, takarduna!" Ba ko ɗaya. Na durƙusa cikin ruwan kwata ina laluben ƙasa, ina shafa bango. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Allah ya sani, sai da na gama laluben kwalin nan kaf sannan na tuna ina da uwa a ɗakin.

Na miƙe na duba. Ba Inna. Akwatinta na ƙarfe yana buɗe, ruwa ya cika shi. Sai na ji ana ƙwala min kira daga waje.

"Anti! Anti! Ka zo, Mama yana nan!"

Maman Rahila ce a bakin ƙofarta, jikinta sharkaf har wuya. Na tsallake dokin ƙofarta na shiga. Ɗakinta a bushe, ko tabarma ba ta jiƙe ba. Inna tana zaune a kan gado, an lulluɓe ta da zanin Maman Rahila, haƙoranta suna haɗuwa. A kan cinyarta ga ledar nan mai kauri, bakinta ɗaure da tsumma, ta rungume ta da hannu biyu.

Ganin tana da rai, maimakon in gode wa Allah, sai baƙin cikina ya dawo sabo. Aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, Kawu ya yi gaskiya tun wata ukun ba su cika ba. Kuma ga abin da ta zaɓa ta tsira da shi. Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Inna, wato likkafani kika ɗauka? Na ce miki aikina ne a kwalin nan! To ga shi nan, sai ki riƙe abinki da kyau, don a ɗakin awaki za a naɗe ki a ciki."

Maman Rahila ta daka min tsawa. "Anti! Ka rufe baki!"

Inna ba ta dube ni ba. Ta sa yatsunta tana kwance tsumman, ya ƙi, ta sa haƙori. Ta buɗe bakin ledar ta turo min. Takardun yarana ne, a jere yadda na bar su, da jan birona a sama. Ko ɗigo bai taɓa su ba.

Ta ce, "Duba ki gani ko sun cika. Ban san na sama da na ƙasa ba, na dai kwashe duka."

Maman Rahila ce ta ba ni sauran labarin. Ruwan ya tsare ta a bakin titi, da ƙyar ta iso. Ta tarar da Inna tsaye a tsakiyar ɗaki, ruwa ya kusa kai mata gwiwa, hannu ɗaya ya kama ƙarfen taga, ɗayan ya dafe ledar a ka. Ta ce zo in goya ka, Inna ta ce sai an karɓi kayan kanta tukuna an kai tudu. Ashe da Inna ta ga ruwa ya fara shigowa, ta rasa abin da zai tsare takarda, shi ne ta buɗe akwati ta zazzage likkafanin ta ɗauki ledarsa.

Na zube a gaban gadon na kama ƙafafunta, sanyi ƙalau kamar randa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da Baba. Ina cewa ta yafe min, ita kuma tana cewa in tashi kar hawayena ya ɗiga a kan takardun mutane.

Kafin magariba ruwa ya janye ya bar mana laka. A gindin mangwaro muka tsinci likkafanin, ya naɗe da saiwa, cikin baƙin taɓo da tarkacen juji. A ɗakin Maman Rahila muka yi kwana huɗu, ita da Inna a gado, mijinta ya koma wurin wani abokinsa. A kan teburin da take jera ƙosai na ƙarasa makin. Juma'a da sassafe na mayar da takardun kabad, ba wanda ya sani. Ranar ba da hutu kowane uba ya karɓi na ɗansa. Madam ta kira ni ofis ta ce in dawo zango mai zuwa, aji huɗu nawa ne. Na yi godiya, amma ban iya yin murna ba.

Da nake wanke ɗaki na sa wuƙa na kankare fentin nan mai duhu. A ƙarƙashinsa ga layin ruwa nan, shekara bisa shekara, wani a kan wani. Baban Rahila ya zo da bulo da siminti ya mayar da dokin ƙofar, ya ƙara masa tsayi. Na tsaya ina jiran ya ce ai na gaya miki. Bai ce ba, sai ma tambayata da ya yi ko tsayin ya yi min.

Likkafanin kuwa sau uku ina wanke shi, na jiƙa, na dirza, na shanya a rana. Ya tsarkaka, amma farinsa bai dawo ba. Ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, da wani babban tabo a tsakiya da ya ƙi fita. Na ce wa Inna zan sayo mata sabo, wanda ya fi shi.

Ta ce, "Na kasuwa ai fari ne kawai. Wannan Malam ne ya ɗauko min shi." Ta shafa tabon da tafin hannu. "Naɗe min abina. Ƙasar da za ta ci shi ce ta fara ɗanɗanawa. Kin ga ke nan mun zama 'yan gari."

Tsayuwar da ta yi a ruwan nan ita ta ƙarasa gwiwoyinta. Daga ranar ba ta ƙara tsallake dokin ƙofa da ƙafarta ba. Kullum da safe kafin in tafi makaranta nakan goya ta in fito da ita gindin mangwaro, in rana ta yi ko hadari ya taso Maman Rahila ta goya ta ta mayar. Da na samu hali na ce mu koma kan tudu, Inna ta ce ba inda za ta, ita ta yi maƙwabta. Kawu ya yi waya sau ɗaya yana tambaya ko muna nan tafe. Na miƙa mata wayar, ta ce masa ruwa ya sauka a nan, ya nasu wajen?

Damina biyu ta ƙara gani a ɗakin. Ranar da ta cika, matan unguwa da suka zo wanka suka warware likkafanin, suka dubi juna. Babbarsu ta ja ni gefe ta ce, "Malama, babu wani fari? In babu a aika kasuwa yanzu, ba abin kunya ba ne."

Na ce, "Akwai a kasuwa. Wannan ta ce."

A cikinsa aka sa ta. Maman Rahila tana tsaye a gindin mangwaro, ta toshe baki da gefen zani. Da za a fito da Inna, sai da mazan suka ɗaga ta sama sosai, saboda dokin ƙofar.